Me ya haɗa maganin gyambon ciki da zubar jinin haihuwa da ɗigon ido?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Malam, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin lafiya. Yayata ta haihu a asibitin unguwarmu, jariri na faɗowa ungozoma ta ba ta ƙwayoyi uku ta haɗiye, ta ce na hana zubar jini ne. Da na karanta takardar da ke cikin kwalin sai na ga an rubuta maganin gyambon ciki ne, kuma wai dangin furostagilandin ne. Maganin ɗigon ido da kakarmu ke sawa shi ma haka aka rubuta a jikinsa. Ni kuma ibufurofen nake sha saboda ciwon mara, an koya mana a aji cewa aikinsa hana jiki yin furostagilandin. To abin nan mai amfani ne ko mai cutarwa? Kuma me ya haɗa ciki da mahaifa da ido?"

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Idan na fahimce ki, Malama, abin da ya ɗaure miki kai shi ne kin ga sinadari guda ana ba wata don ta warke, ke kuma ana ba ki maganin da zai hana jikinki yin sa don ki samu sauƙi. Ungozomar ba ta yi kuskure ba, takardar cikin kwalin ma gaskiya ta faɗa. Ni mai harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma kaso mai yawa na aikina da ɗakin haihuwa yake, don haka zan fi daɗewa a kan mahaifa. Amma sai mun fara da yadda jiki ke yin abin, domin daga nan duk sauran bayanin ya samo asali.

Yadda jiki ke yin sa

Furostagilandin sunan dangi ne, akwai su da yawa, ana bambanta su da haruffa: PGE2, PGF2-alfa, PGD2, PGI2 da sauransu. Yawancinsu daga wani nau'in kitse ake ƙera su, asid ɗin arakidonik, wanda ke ajiye a jikin fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halitta. Idan wani abu ya taɓa ƙwayar, rauni ne ko ƙwayar cuta ko saƙon wani homon, sai a ɓanɓaro kitsen daga fatar, wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen sauya wani abu zuwa wani, da ake kira COX ya fara sarrafa shi, sannan kowace gaɓa ta ƙarasa shi zuwa irin wanda take bukata.

Bambancinsa da homon kamar insulin shi ne tazara. Homon tamkar sanarwar rediyo ce, daga tasha ɗaya ake watsa ta, duk ƙasa ta ji. Furostagilandin kuwa maganar maƙwabta ce ta kan katanga: a nan aka yi ta, na kusa ne kawai ya ji, ana gamawa ta wuce. Jiki ba ya tara shi a rumbu. Yana yin sa a lokacin da bukata ta taso, ya lalata shi cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, wanda ya tsere cikin jini kuma huhu na shafe mafi yawansa a zagaye ɗaya. Saboda haka abin da zai yi ya danganta da inda aka yi shi da irin makarɓar da ya tarar a wurin, wato gurbin da ke jikin ƙwayar halitta inda yake maƙalewa ya isar da saƙonsa. PGE2 kaɗai yana da makarɓa iri huɗu, shi ya sa yake iya sa tsokar wani wuri ta matse, ta wani wurin ta saki.

Matsalar magani daga nan take. Jiki na yin sa a wuri ɗaya, ƙwayar da aka haɗiya kuwa ko'ina take zuwa. Wadda ke hana yin sa za ta hana a mara, ta hana a ciki da ƙoda. Wadda ke kwaikwayonsa za ta yi aiki a ciki, ta yi a mahaifa.

Tarihinsa ma daga mahaifa ya fara. A 1930 wasu masu bincike biyu a birnin New York, Kurzrok da Lieb, suka lura cewa maniyyi na sa tsokar mahaifa ta motsa. A 1935 Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya raɗa wa sinadarin suna, bisa zaton daga furostet yake fitowa, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, daga baya aka gano wasu 'yan jakunkuna ne da ke kusa da ita suke yin mafi yawansa. Sune Bergström da ɗalibinsa Bengt Samuelsson suka tace shi daga gaɓoɓin raguna, suka gano ƙirarsa a farkon shekarun 1960. A 1971 John Vane a Landan ya nuna cewa asfirin, wanda ake sayarwa tun 1899 ba tare da an san yadda yake aiki ba, hana yin furostagilandin yake yi. Su ukun, Bergström da Samuelsson da Vane, suka raba kyautar Nobel ta 1982.

Ciwo, zazzaɓi da ciwon mara

A wurin rauni, furostagilandin na buɗe ƙananan jijiyoyin jini, wurin ya yi ja, ya yi ɗumi, ya kumbura. Shi da kansa ba ya haifar da zogi sosai. Abin da yake yi shi ne ya sa jijiyoyin jin ciwo su zama masu saurin amsawa, har taɓawar da ba ta kai komai ba ta zama azaba. A ƙwaƙwalwa kuma PGE2 ne ke ɗaga ma'aunin zafin jiki idan cuta ta shiga. Shi ya sa mai maleriya ke rawar sanyi alhali jikinsa rau da zafi: ƙwaƙwalwa ta sa sabon ma'auni, jiki na ƙoƙarin kaiwa can. Farasitamol ko ibufurofen na sauke ma'aunin, amma ƙwayar maleriyar na nan tana hayayyafa. Wannan ya kamata ki riƙa nanata wa iyayen yara idan kin fara aiki, domin da yawa suna ɗaukar saukar zazzaɓi a matsayin warkewa.

Naki ciwon maran ga yadda yake. Idan wata ya zo ƙarshe ba a samu ciki ba, homon furojestaron na sauka, shimfiɗar cikin mahaifa ta fara rugujewa ta saki PGF2-alfa da yawa. Mahaifa ta riƙa matsewa da ƙarfi, jijiyoyin jininta su tsuke, tsokar ta rasa isasshiyar iska, wannan shi ne murɗawar da kike ji. Ɗan abin da ya shiga jini shi ke kawo tashin zuciya da gudawa da ciwon kai a ranar farko. Tunda maganin hana yin sabo yake yi, ba ya kwashe wanda aka riga aka yi, ya fi aiki idan an sha shi da zarar alama ta fara, kafin ciwon ya kankama. Ga babbar mace mai lafiya, miligiram 400 har sau uku a rana, bayan cin abinci, na kwana biyu ko uku, shi ne abin da aka saba bayarwa. Sai dai ban gan ki ba, ban san ko kina da gyambon ciki ko asma ko matsalar ƙoda ba, kuma kowanne daga cikinsu na iya sauya shawarar. Idan ciwon sabo ne bayan shekaru kina al'ada lafiya lau, ko yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana zuwa da zazzaɓi ko ruwa mai wari ko jini mai yawa, to a duba ki, domin yana iya zama ƙarin mahaifa ko sanyi ko wata lalurar da ibufurofen zai rufe kawai.

Abin da ake rasawa idan an hana shi

A cikin tumbi, furostagilandin ne ke sa a fitar da yauƙin da ke lulluɓe bango, da sinadarin da ke kashe kaifin asid, ya rage yawan asid ɗin, ya kuma tabbatar jini na isa bangon don ya riƙa gyara kansa. Idan mutum ya daɗe yana shan dikulofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wannan kariyar ce ke raguwa, asid ya samu hanya. Akwai wani zato da nake yawan ji, har a bakin ma'aikatan lafiya, cewa idan allura aka yi ko aka sa ta dubura ciki ya tsira. Bai tsira ba. Maganin ta jini yake komawa bangon tumbin ya hana yin kariyar, ko ta ina ya shiga.

Ƙoda ta fi ba ni tsoro, saboda ita ba ta kuka da wuri. Ga mai lafiya wanda ya sha ruwa isasshe, ƙoda ba ta dogara sosai da furostagilandin ba. Amma idan ruwan jiki ya ragu, jiki na tsuke jijiyoyin jini don ya riƙe ƙarfin bugun jini, a lokacin furostagilandin ne ke buɗe jijiyar da ke kai jini matatar ƙoda don kada aikinta ya tsaya. Ki dubi manomi ko lebura ko ɗan acaɓa da ya wuni a ranar Afrilu yana zufa, ya dawo da yamma jiki ya yi tsami, ya biya ta kemis ya ce a ba shi haɗin ciwon jiki. Sau da yawa idan aka kawo mana irin wannan ƙullin muka duba, sai mu tarar da dikulofenak da ibufurofen da firoksikam a leda ɗaya, wani lokaci har da faradinisolon. Uku na farko duk ƙofa ɗaya suke toshewa, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Na huɗun kuma yana hana ɓanɓaro kitsen tun daga tushe, ya ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Haka mai amai da gudawa, da dattijo, da mai azumi a lokacin zafi. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari tare da irin su lisinofuril, sannan ya ɗora dikulofenak a kai don ciwon gwiwa. Ga irin waɗannan farasitamol muke fara bayarwa, wanda aikinsa ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da laka, bai cika taɓa tumbi da ƙoda ba, muddin babba bai wuce giram 4 a rana ba saboda hanta.

A cikin jini kuwa 'yan gida ɗaya ne guda biyu ke ja-in-ja. Ƙwayoyin daskarar da jini na yin turomboksen, wanda ke sa su manne da juna su toshe rauni. Bangon jijiya na yin furostasaikilin, wato PGI2, wanda ke hana su mannewa inda babu rauni. Asfirin na kashe inzayim ɗin COX har abada. Bangon jijiya na iya ƙera sabo cikin sa'o'i, ƙwayoyin daskarar da jini kuwa ba su da cibiyar da za su ƙera wani, haka za su zauna har ƙarshen rayuwarsu ta kwana 7 zuwa 10. Wannan ne sirrin ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da ake ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da kuma mai cikin da ake jin tsoron za ta samu hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba a ba da asfirin ko ibufurofen ga wanda ake zargin yana da zazzaɓin da ke sa zubar jini, irin su dengi da lasa.

Da aka gano wajen 1991 cewa COX iri biyu ne, na ɗaya mai aikin yau da kullum kamar kare tumbi, na biyu mai tasowa lokacin kumburi, kamfanoni suka yi murna, suka ƙera magungunan da ke toshe na biyun kaɗai. Tumbi ya samu sauƙi kuwa. Amma furostasaikilin na bangon jijiya ya dogara sosai da COX-2, turomboksen kuma da COX-1, sai ma'aunin ya karkata wajen daskarewa. A watan Satumba na 2004 aka janye Vioxx, ɗaya daga cikin waɗannan magungunan, daga kasuwa saboda ƙaruwar bugun zuciya da shanyewar jiki. Dikulofenak ma yana da ɗan wannan halin, shi ya sa tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba masu ciwon zuciya.

Mahaifa, da ƙwayoyi ukun da aka ba yayarki

Idan ciki ya kai wata tara, furostagilandin na yin aiki biyu: PGE2 na tausasa bakin mahaifa, wanda ya yi watanni a rufe gam, har ya yi laushi ya fara buɗewa, sannan shi da PGF2-alfa su sa jikin mahaifar ya riƙa matsewa. A Afirka aka fara gwada tayar da naƙuda da shi, a 1968, lokacin da Sultan Karim da abokan aikinsa a Jami'ar Makerere ta Yuganda suka ba mata PGF2-alfa ta jijiya. Amma na asali ba ya daɗewa a jiki, ga tsada, ga bukatar sanyi.

Maganin da aka ba yayarki shi ne misofurostol, wanda mutane suka fi sani da sunan Cytotec. Kamfanin Searle na Amurka ne ya ƙera shi a 1973, yana kwaikwayon PGE1 amma an gyara ƙirarsa yadda za a iya haɗiyarsa ya yi sa'o'i yana aiki. Manufar ita ce a mayar wa tumbi kariyar da magungunan ciwo ke ɗaukewa, kuma da wannan sunan Amurka ta amince da shi a 1988. Shi ya sa takardar wasu kwalaye har yau take maganar gyambon ciki. A aikace yanzu ba mu cika ba da shi don gyambo ba, saboda yana sa gudawa da murɗar ciki, omefurazol ya fi daɗin sha. Abin da aka rubuta a matsayin illarsa, wato matse mahaifa, shi ya zama babban amfaninsa.

Bayan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, tana barin jijiyoyin jini a buɗe, manya, waɗanda suka yi watanni suna ciyar da jariri. Babu ɗinki da ke rufe su. Tsokar mahaifar ce ke murɗewa ta shaƙe su. Idan mahaifar ta gaji ta ƙi matsewa, mace na iya zubar da jinin da zai kashe ta cikin sa'a biyu, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba shi ne allurar oksitosin, ta fi ƙarfi, ta fi ƙarancin illa. Sai dai tana son firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tana son mai iya allura. A ƙaramin asibitin da wuta ba ta tsayawa, oksitosin da ya kwana cikin zafi makonni na iya zama kusan ruwa, kuma ido ba zai gane ba. Misofurostol ƙwaya ce, ba ruwanta da firiji. A watan Janairu na 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi masa rajista musamman don zubar jinin haihuwa, a 2009 kuma masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada kai shi ga mata masu haihuwa a gida a ƙauyukan kewayen Zariya. Jamhuriyar Nijar ma ta sa shi cikin tsarinta na ƙasa.

Kowace ƙwaya maikurogiram 200 ce, uku sun zama 600, wannan shi ne ma'aunin rigakafi. Idan jinin ya riga ya ɓalle kuma babu oksitosin, huɗu ake sawa ƙarƙashin harshe, tare da murza mahaifa da ƙarin ruwa da shirin tura ta babban asibiti. Wataƙila kin ga yayar taki ta yi rawar sanyi ko zazzaɓi bayan ta sha. Wannan makarɓar da ke ƙwaƙwalwa ce maganin ya taɓa, kuma yakan wuce cikin 'yan sa'o'i.

Yanzu ga wurin da nake so ki buɗe kunne. Ƙwayoyi ukun nan, bayan jariri ya fito ake ba da su, kuma bayan an taɓa ciki an tabbatar babu ɗan tagwai a baya. Idan jariri na ciki, lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin mahaifa na ƙara saurin amsa furostagilandin yayin da ciki ke girma. Ma'aunin tayar da naƙuda ga cikin wata tara maikurogiram 25 ne kacal, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaya guda. Abin da aka ba yayarki ya ninka wannan sau 24. A asibiti ake yi, ana sauraren bugun zuciyar jariri, ana ƙirga matsewar mahaifa, kuma ba a ba wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Idan aka wuce ma'auni mahaifa na matsewa babu hutu. Jariri a tsakanin matsewa da matsewa yake samun jini, in babu hutun sai ya shaƙe, mahaifar kuma na iya tsagewa, musamman ga wadda ta haihu da yawa ko jaririnta ya kwanta a gicciye.

An taɓa kawo mana wata mai haihuwa ta bakwai wadda naƙuda ta yi wa tsawo a gida, wani ya ba ta ƙwaya guda cur wai don a gaggauta. Ta iso jikinta sanyi ƙalau, ciwon naƙudar ya ɗauke, 'yan rakiya har suna cewa ta samu sauƙi. Mahaifar ce ta fashe. An ceto ranta da tiyata da ledojin jini, amma an rasa jaririn, an cire mahaifar. A ganina wannan ne babban haɗarin maganin a wurinmu: arha ne, ƙarami ne, kowa ya ji yana taimakon masu haihuwa, kaɗan ne suka san bambancin kafin da bayan. Duk lambobin da na kawo don ki fahimci darasi ne, ba su zama izinin ba wa kowa ba sai ƙarƙashin wanda ke koya miki aiki.

Ana kuma amfani da shi a asibiti idan mace ta yi ɓari bai gama fita ba, maimakon wankin ciki, amma bayan an tabbatar cikin ba a wajen mahaifa ya zauna ba, domin a irin wannan maganin ba ya komai sai ɓata lokaci. Idan aka sha shi a farkon ciki kuma cikin ya ci gaba, an danganta shi da nakasar gaɓoɓi da shanyewar jijiyoyin fuskar jariri. Ki lura akwai maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Arthrotec da ya haɗa dikulofenak da misofurostol a ƙwaya ɗaya, bai dace da mace mai ciki ko mai neman ciki ba. Abu na ƙarshe a kansa daga ɓangarenmu na ajiya: zafi bai cika damunsa ba, danshi ne ke kashe shi. Ni ba na karɓar wanda aka ɓare aka zuba a kwalba ko leda. Wanda ke cikin fakitin da gaba da bayansa duka alminiyom ne shi ake nema, a ɓare shi lokacin da za a sha.

Akwai 'yan uwansa biyu a ɗakin haihuwa: dinofuroston, wato PGE2 kansa, da ake sawa a bakin mahaifa don ya nuna, da allurar karbofurost don jinin da ya ƙi tsayawa. Ta biyun dangin PGF2-alfa ce, tana tsuke hanyoyin numfashi, don haka ba a yi wa mai asma.

Jaririn ma na da rabonsa. A cikin mahaifa huhunsa ba ya aiki, akwai wata gajeriyar jijiya kusa da zuciya da ke karkatar da jini ya tsallake huhun, kuma PGE2 ne ke riƙe ta a buɗe. Da ya ja numfashin farko aka yanke cibiya, sinadarin na raguwa, jijiyar ta rufe cikin kwana biyu zuwa uku. Likitocin yara na juya wannan ta kowane ɓangare. Bakwainin da tasa ta ƙi rufewa ana ba shi ibufurofen ko indometasin don ta rufe. Jaririn da aka haifa da nakasar zuciyar da rayuwarsa ta dogara da wannan jijiyar ana ɗura masa alfurostadil, wato PGE1, don ta zauna a buɗe har a samu yin tiyata. Daga nan za ki gane abin da ya sa ake hana mai ciki ibufurofen da dikulofenak: a watannin ƙarshe suna iya rufe jijiyar tun jariri na ciki, kuma daga mako na 20 suna iya rage aikin ƙodarsa, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu.

Idon kaka

Ina kyautata zaton latanofurost ne ko ɗan uwansa take ɗigawa, don cutar gilakoma da mutane ke kira hawan jinin ido. Ido na yin wani ruwa a cikinsa kullum yana fitar da shi. Idan fitar ta yi ƙasa, matsi na taruwa ya riƙa cin jijiyar gani sannu a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, ba tare da ciwo ba. Cutar ta fi yawa kuma ta fi saurin makantarwa a tsakanin baƙar fata. Latanofurost, wanda ya shigo a 1996 da sunan Xalatan, dangin PGF2-alfa ne, yana sassauta naman da ke kewaye da wata hanyar fitar ruwan, matsin ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Tunda ɗigo ɗaya ne a inda ake bukata, wanda ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, wannan ya sa shi ne ya fi kusa da yadda jiki ke amfani da abinsa.

Sau ɗaya ake sawa, da dare. Ƙara yawan ɗigawa rage aikinsa yake yi. Kwalbar da ba a buɗe ba a firiji ake ajiye yawancinsu, wadda aka buɗe a nisanta ta da rana, a duba takardarta don sanin makonnin da za ta yi. Ido na iya yin ja, fatar kewayensa ta ƙara duhu, gashin ido ya yi tsawo da kauri. Wannan illar ta ƙarshe ma an mayar da ita sana'a, domin a 2008 Amurka ta amince da bimatofurost a matsayin maganin tsawaita gashin ido, har na ji 'yan mata na tambayar ɗigon tsofaffi don kwalliya. Kada garin neman gira a rasa ido. Abin da ya fi muhimmanci ku gaya wa kaka shi ne maganin ba ya dawo da ganin da ya tafi, saura yake karewa, saboda haka rashin ganin canji ba dalilin dainawa ba ne. Auna matsin idon da sauya magani aikin likitan ido ne, ni iyakata bayanin maganin. 'Ya'yanta da jikokinta da suka haura shekara 40 su ma su je a auna su, cutar na bin dangi.

Sauran amfaninsa ba za ki cika haɗuwa da su a ƙaramin asibiti ba. Ana ba masu hawan jinin jijiyoyin huhu magungunan da ke kwaikwayon furostasaikilin, irin su efofurostenol da ilofurost. Ana yi wa maza masu raunin mazakuta allurar alfurostadil a gaban nasu, amma ba a yi wa mai sikila, saboda haɗarin miƙewar da ta ƙi kwanciya.

Likitocin dabbobi ma na riƙe da shi. A jikin saniya PGF2-alfa ne ke rushe ɗan ƙullin da ke fitar da furojestaron a ƙwan mahaifa, don haka allurarsa na sa shanu su nemi barbara cikin 'yan kwanaki, a tare, yadda za a yi musu ɗurin maniyyi rana ɗaya. Idan aka yi wa mai ciki bisa kuskure tana iya ɓari. Ruwan allurar na ratsa fatar mutum, saboda haka idan akwai makiyaya a danginku, mace mai ciki da mai asma kada su taɓa kwalbar, wanda ya zubo wa a hannu kuma ya wanke da sabulu nan take.